Babi na Shida: Sabon Maigida a Zangon Agege

Goro da jirgin ƙasa ne suka zaunar da Hausawa a Agege. Layin dogon da ya taso daga Ikko, wato Legas, ya isa Kano a 1912, a daidai lokacin da gonakin goro ke bunƙasa a Agege da Ifako da ƙauyukan kewaye. Fatake suka riƙa sauka suna saye, a ɗaure huhu-huhu a loda wa jirgi ya yi Arewa, shanu kuma su gangaro Kurmi. A haka zango ya zauna da gindinsa, aka gina masallaci, aka naɗa Sarkin Hausawa. Ciniki ne tsakanin garuruwan da tazararsu ta haura kilomita 1,000, amma ya yi shekara da shekaru yana tafiya ba banki, ba lauya, ba takardar yarjejeniya. Mutum ne ya riƙe shi, wato maigida, wanda wasu ke kira fatoma. Shi ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, in za a ba da kaya bashi ya tsaya masa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake ba mahautan Yarabawa shanu bashi bisa lamunin maigida kawai. In mahauci ya cika wandonsa da iska, maigida ne zai biya.

Har gobe ta wannan ƙofa akasarin 'yan ci-rani ke shiga Legas. Yaro zai diro daga saman tirelar albasa ko ta shanu, daga Illela ko Gumel ko Maraɗi, ba shi da komai sai leda ɗaya da lambar wayar wani ɗan garinsu. A kai shi gaban babba a ce, "Alhaji, ga yaron wajen Malam ne, ya zo nema." Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi mutanen gida, ya ce, "Ka iya babur?" Kafin sati ya zagayo an ba shi babur yana kawo balas, ko an haɗa shi da masu baro a Mile 12, ko an sama masa gadi a wani gida a Ogba. Ba wanda ya nemi takardar makarantarsa. An san ubansa, an san liman ɗin garinsu, shi ke nan.

Ba na cewa tsarin nan ba shi da aibi. Akwai iyayen gidan da suka ci gumin yara, akwai dillalan da suka ɓoye farashi suka ci la'ada biyu. Sai dai maigida yana da fuska, yana da ƙofar gida, yana jin kunyar a kai ƙararsa fadar Sarkin Hausawa ko a tare shi da maganar bayan sallar Juma'a. Wanda aka zalunta ya san inda zai je ya yi sallama.

Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙirƙirarriyar basira, hankalin mutane kan tafi ga mutum-mutumin ƙarfe da zai kori ma'aikata daga masana'anta. A Ikeja ba a jira shi ba: masaƙun titin Oba Akran sun yi shiru tun da daɗewa, kamar yadda na Kakuri a Kaduna suka yi, kuma rashin wuta da kayan waje ne suka kashe su. Ta wata hanya dabam abin ya shigo mana. Ƙirƙirarriyar basira, in an cire mata kwarjini, na'ura ce da aka ɗura wa bayanai masu ɗimbin yawa har ta koyi hasashe: wa zai biya bashi, wane direba ne zai yarda da wannan farashin, fuskar nan ta wace ce, wace kalma ce za ta biyo bayan wannan. Duk wanda ya san zango ya san cewa tambayoyin farkon nan aikin maigida ne. Kujerarsa aka hau. Yanzu manhaja ce ke ƙara samun ikon cewa wane amintacce ne, wane a ba shi aiki, wane a rufe masa ƙofa, kuma ita ba ta san kowa ba sai wanda ya bar sawu a waya da banki da takarda.

A harkar babur abin ya fi fitowa fili. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaba da Keke a wasu ƙananan hukumomi, har da Ikeja. A ranar 1 ga Yunin 2022 ta sake ɗaure dokar a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba ta ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe. An kama dubban babura an murƙushe su a bainar jama'a. Wannan hukuncin gwamnati ne, ta kuma kawo hujjojinta na haɗurra da tsaro. Abin da ya shafe mu a nan shi ne wanda ya tsira bayan guguwar. Dokar ta bar baburan kai saƙo suna yawo. Kamfanoni irin su Gokada, da suka fara da ɗaukar fasinja, suka koma kai kaya, sannan Chowdeck da Glovo suka shigo a 2021 da kai abinci. Babur bai bar titunan Ikeja ba, hannu ya sauya. Kafin ka hau na kamfani sai kana da babbar waya da data, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da asusun banki, da lasisi, da mai tsaya maka wanda shi ma yake da takardu da adireshi, sannan ka iya karanta Turanci ka bi taswira. Mutumin da ya yi shekara goma yana ratsa lungunan Agege da Dopemu, wanda ko da daddare ba ya ɓata, sai ya wayi gari bai cancanta ba. Da yawa suka ja baya zuwa unguwannin gefe inda kuɗin hawa bai taka kara ya karya ba, wasu suka tattara suka koma gida.

Wanda ya samu shiga kuma fa? Ka je ƙofar kowane gidan abinci a Allen Avenue da tsakar rana ka gani. Babura a jere, kowanne da akwati a baya, masu su zaune a kai, hular kwano a gwiwa, ido a kan waya. Ba mai hira da wani sosai, don ƙarar oda daƙiƙoƙi kaɗan take jira, in ba ka taɓa ba ta wuce ga na kusa da kai. Wayar an ɗaure ta da roba a kan kan babur, an jona ta da ƙaramin batirin caji, don in ta mutu aikin ranar ya mutu. Oda ta shigo, ya karɓa, ya tsaya a kanta ana ɗaure abinci, agogo kuma yana ta ƙirga masa. Ruwan sama ya tare hanya, ko go-sulo ya riƙe shi a ƙarƙashin gadar Ikeja, ya isa a makare, mai saye ya ba shi tauraro biyu. Ba wanda zai tambaye shi dalili. Taurarin nan da yawan odar da ya karɓa da wadda ya ƙi duk suna taruwa a wani lissafi da bai taɓa gani ba, kuma lissafin yana da ta cewa a kan aikin da zai samu gobe.

Direbobin mota sun riga su ɗanɗanawa. Uber ta shigo Legas a 2014, Taxify wadda ta koma Bolt ta biyo a 2016. Manhaja ke yanka farashi, ta ɗaga shi in masu nema sun yi yawa, ta sauke in sun ragu, kamfani ya cire kasonsa kafin direba ya ga ko kwabo. Mota ta direba ce ko ta haya, mai nasa ne, gyara nasa ne, asibiti nasa ne, amma a takarda shi ba ma'aikaci ba ne, wai abokin hulɗa ne. Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka kusan sau uku, direbobin manhaja suka tafi yajin aiki a watan Yuni ƙarƙashin ƙungiyarsu. Sun nemi a ƙara kuɗin hawa, a rage kason kamfani. Amma akwai ƙorafin da suke ta maimaitawa wanda ya fi tsaya mini a rai: a daina rufe wa direba asusu ba tare da an ji ta bakinsa ba. "An rufe ni," haka ake faɗa, kamar shago. Magidanci mai 'ya'ya ya tashi da asuba ya kunna waya ya tarar an kore shi daga aiki, ya rubuta ƙorafi, amsa ta dawo masa a shirye, iri ɗaya da wadda aka tura wa dubu irinsa.

Bashi ma haka. Manhajojin ba da rance suna yanke hukunci cikin mintuna, ta hanyar duba saƙonnin alat na banki da irin wayar da kake riƙe da ita da tarihin BVN ɗinka. Ɗauki 'yan kasuwa biyu a Mile 12, dukansu masu tumatir. Ɗaya ya yi boko, cinikinsa duk ta POS yake bi, kowane kwando ya bar shaida. Ɗayan ya fi shi juya kuɗi, shekara ashirin ana turo masa kaya daga Kadawa da Ɗanja bisa amana, bai taɓa cin kuɗin manomi ba, amma cinikinsa na hannu da hannu ne, lissafinsa a ka yake ko a ɗan littafi da ajami. A idon na'ura na farko ɗan kasuwa ne da za a ba jari ya faɗaɗa, na biyu kuwa babu shi. Shekara biyar nan gaba tazarar da ke tsakaninsu ba daga ƙwazo za ta fito ba. Ga kuma matsalar riba, wadda ta sa Musulmi da yawa ba sa ko kusantar irin wannan rance, su kuma bankunan da ba sa harka da ruwa, Jaiz da TAJ da Lotus, ba su kai ga mai shayi da mai baro ba tukuna.

Talakan da na'urar ta gani kuwa sau da yawa gara ma ba ta gan shi ba. Wasu manhajojin sun riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, in ya makara da kwana biyu su tura wa surukansa da abokan cinikinsa saƙo cewa ɓarawo ne. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar Soko Loan naira miliyan 10 kan keta sirrin mutane. A Maris 2022 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a titin Opebi, nan cikin Ikeja. Sai a 2023 Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutane. Ga Bahaushen da jarinsa duka mutuncinsa ne a zango, saƙo ɗaya irin wannan ya fi asarar kuɗin ciwo.

Kafin ma a kai ga duk wannan, sai na'ura ta yarda kai mutum ne. A Disambar 2020 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da NIN, jama'a suka yi dafifi a ofishin hukumar NIMC mai ba da NIN da ke Alausa ana tsakiyar annobar korona. A Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 kiran waya. Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan layi ya ga abin da ke faruwa idan ɗan dako ko mahauci ko mai wanki ya ɗora yatsa a kan gilashin: aiki ya cinye zanen yatsun, na'ura ta ƙi karɓa, a ce ya goge a jikin riga ya sake, a ce ya shafa a goshi ya sake, ƙarshe a ce ya dawo gobe, gobe kuma kuɗin abincin rana ce ta tafi. Fuska ma ba a tsira ba. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka fitar a 2018 ya nuna cewa wasu manhajojin manyan kamfanoni, wajen gane namiji ne ko mace, kuskurensu a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. An gyara da yawa daga baya, amma dalilin kuskuren yana nan: na'ura tana ƙwarewa ne a kan waɗanda aka koya mata da su, mu kuwa a ƙarshe ake tunawa da mu.

Gadi, wanda shekara da shekaru sana'ar mutanenmu ce a Legas, yana bin sahu. Rukunin gidajen masu hali sun koma kyamara da lambar shiga da ake turo wa baƙo ta waya, suna ɗaukar kamfanonin tsaro masu neman takardar sakandare. Baba maigadi da ɗan teburinsa na alewa da sigari a bakin get yana raguwa a hankali, ba tare da wata jarida ta ƙirga shi cikin waɗanda fasaha ta raba da aiki ba.

A Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ƙiyasta cewa ƙirƙirarriyar basira za ta taɓa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya: kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta. Wani zai ga 26 ɗin nan ya ce ashe mun tsira. Ni ban ga tsira a ciki ba. Adadin ya yi ƙasa ne don yawancinmu ba ma cikin ayyukan da na'urar za ta ƙara wa albarka. Lauya a Ikeja GRA, da mai zanen gini, da yarinyar da ke rubuta manhaja a Yaba, tun da ChatGPT ya fito a Nuwambar 2022 suna gama aikin kwana uku a yini ɗaya, kuɗinsu na ƙaruwa. Akawu da mai buga takardu da mai amsa waya a banki, waɗanda su ne matakin farko da ɗan talaka mai difloma ke takawa, su ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2023 aikinsu ya fi shiga haɗari. Na sama yana ƙara sama, matakalar da na ƙasa zai bi ana zare ta.

Ita kanta na'urar da gumin talakawa aka koya mata. A Janairun 2023 mujallar Time ta fallasa cewa ma'aikata a Kenya, ta hannun kamfanin Sama, sun yi ta karanta munanan rubuce-rubuce suna tacewa don a tsabtace ChatGPT, a kan ƙasa da dala 2 a awa. Matasan Najeriya da yawa sun yi irin wannan aikin laƙaba wa hotuna da rubutu suna a dandalin Remotasks na kamfanin Scale AI, har zuwa Maris 2024 da aka rufe musu shi tare da na Kenya da Pakistan, ba sallama ba sallamar aiki. Wata goma sha biyar bayan haka Meta ya zuba dala biliyan 14.3 ya sayi kashi 49 cikin 100 na Scale AI, kuɗin da ya ninka kasafin jihar Legas na 2025 fiye da sau shida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko wutar lantarki ta san inda take zuwa. Rumbunan ajiyar bayanai, irin Rack Centre da ke Oregun da wanda MTN ya buɗe a Ikeja a 2025, ba a ɗauke musu wuta ko na ƙiftawar ido, domin an kashe maƙudan kuɗi an tanadar musu. A Afrilun 2024 aka ƙara wa masu amfani da wuta 'yan rukunin A kuɗi zuwa naira 225 kowane ma'auni, bisa alkawarin awa 20 a rana. Tafiyar minti kaɗan daga rumbunan nan, a cikin Agege, ɗan aike yana biyan mai janareto kuɗin cajin wayar da zai yi wa kamfani aiki da ita. A Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Akwai wuri ɗaya da nake da kyakkyawan fata, shi ne murya. Mutanenmu sun rungumi saƙon murya na WhatsApp tun kafin kowa ya koya musu, da shi ake cinikin shanu tsakanin Maigatari da Oko-Oba. In na'ura ta iya jin Hausa da kyau, ta kuma amsa da Hausa, babban shingen da ya tare wanda bai yi boko ba zai rage tsawo. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, a 2024 ya ƙara ta a binciken murya. Masana irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa na HausaNLP da Masakhane sun yi shekaru suna tattara rubutun Hausa don koyar da na'ura, a Satumbar 2025 kuma ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da N-ATLAS, wadda aka gina da kamfanin Awarri na Legas don Hausa da Yarabanci da Ibo. Aiki ne mai kyau, ya cancanci a mara masa baya. Amma jin Hausa bai isa ba in hukuncin da za a faɗa maka da Hausar ba ka da ikon ja da shi. Kuma tushen matsalar yana can gida: ƙididdigar hukumar NBS ta 2022 ta nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa. Daga cikinsu ne tirela ke sauke yara a Agege kowace safiya, zuwa kasuwar aikin da kullum take ƙara neman abin da ba a ba su ba.

Doka ta ba da wata 'yar kafa da mutane kaɗan suka sani. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, a sashe na 37, ta ce mutum yana da haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura zalla, yana da haƙƙin ya nemi ɗan'adam ya duba lamarinsa, ya faɗi ta bakinsa, ya ƙalubalanci hukuncin. Akwai hukumar da aka kafa don wannan, NDPC. Direban da aka rufe da ɗan kasuwar da aka ɓata wa suna duk suna da inda za su tsaya, in sun samu mai rubuta musu.

A nan nake kira ga Sarkin Hausawan Agege da takwarorinsa na Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, da shugabannin 'yan tumatir da mahauta da 'yan babur. Lamunin da kuke yi da baki ku mai da shi rubutacce: ku yi wa ƙungiyoyinku rajista a matsayin na gama-kai, ku ajiye tarihin adashe da na biyan balas na kowane yaro, domin ya zama shaidar da banki da kamfani za su karɓa. Ku nemi a kawo rajistar NIN cikin zango. Ku kuma ware ɗaki ɗaya a fada, da yaro ɗaya mai ilimin kwamfuta da lauya ɗaya, inda wanda manhaja ta rufe zai zo ya kai kuka a bi masa kadi. 'Ya'yanmu da suka gama jami'o'in LASU da Bayero da ABU suna zaune a Legas, wannan aikin naku ne, kuma ba sai kun jira gwamnati ba kafin ku fara.